Littafin da Ya Zo Ba Malami: Daga Salame Zuwa Majalisun Malaman Yahudawa

Wanda ya tsaya bakin titi a Amarawa, dab da Illela, abin da zai ga yana wucewa kaya ne: albasa, wake, shanu, buhunan gero, jarkoki ɗaure a bayan babura masu nufin Birnin Ƙonni. Ba kasafai ake lura da littattafai ba. Ga shi kuwa tun kafin Ingila da Faransa su ja layin da ya raba Illela da Ƙonni a farkon ƙarni na 20, wannan sashe na arewacin Sakkwato mashiga ce ta almajirai da gafakarsu, masu zuwa daga Adar da Agadas neman karatu. Har yau ranar kasuwa mai sayar da littattafai zai shimfiɗa tabarma ya jera Ahalari da Ishmawi da Risala da Ishiriniya, bugun Kano a gefe, bugun Misira a gefe. A ƙarƙashinsu kuma sai 'yan ƙananan takardu marasa sunan maɗaba'a: wannan an ce wasiyyar wane ce, wancan an ce faɗar Shehu ce kan abin da zai auku a ƙarshen zamani. Mai saye ba ya tambaya. Ya ga sunan babba a bango, ya biya, ya sa aljihu.

Malaman da suka zauna wannan yanki a ƙarni na 19 ba haka suke karɓar takarda ba, kuma akwai shaida a rubuce. A Salame, cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa ta yau, maƙwabciyar Illela, an yi malamin da aka kawo wa hujja daga wani littafi da aka ce tsoho ne, ya karanta, ya ƙi yarda da abin da aka gina a kanta. Kimanin shekara saba'in bayan haka masanan Faransa suka karɓi littafin nan hannu bibbiyu.

Malamin shi ne Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. An haife shi a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Hadiza 'yar Shehu ce, mahaifinsa Malam Tafa kuma shi ya kafa makarantar Salame wadda ɗan ya gada. Yana da shekara ashirin ya rubuta Raudatul Afkar, tarihin sarakunan ƙasar Hausa, musamman na Gobir. Wato mutum ne da ya san wa ya mulki wa, kuma yaushe. Wannan sanin ne ya yi masa rana.

Halifa na goma sha biyu

Hujjar da aka kawo masa a wasiƙa ta zo, daga Masina ta fito, cikin ƙasar Mali ta yanzu. A can Shehu Ahmadu Lobbo ya yi nasa jihadin a 1818, ya gina birnin Hamdallahi. Da farko ya nemi albarkar Sakkwato, daga baya ya ga babu dalilin zama ƙarƙashin kowa. Sai dai yana da matsala. Shi ba ɗan gidan sarauta ba ne, ba kuma ɗan shahararren gidan malanta ba, ga manyan Jenne da malaman Kunta na Tambutu suna masa kallon baƙon jiya. Takobi ya ba shi ƙasa, amma bai ba shi asali ba.

Asalin sai ya fito daga alƙalamin wani babban malaminsa, Nuhu ɗan Ɗahiru. Ya ɗauko wani tarihin Songhai da aka rubuta a ƙarni na 17, ya sake masa tsari, ya ƙara masa babi, ya sa masa suna Tarihul Fattash, ya jingina shi ga Mahmudu Ka'ti, alƙalin da ya rasu tun 1593. A cikin abin da aka ƙara, Askiya Muhammadu yana kan tafiyar aikin hajjinsa ta wajen 1497 ya haɗu da Imamu Suyuɗi a Alƙahira. Suyuɗi ya shaida masa cewa shi ne na goma sha ɗaya cikin halifofi goma sha biyu da hadisi ya ambata, na ƙarshen kuma zai bayyana a Masina a ƙarni na 13 na hijira, sunansa Ahmadu. Shekarar 1818 ita ce 1233 ta hijira. Riga ce aka ɗinka daidai wuyan mai ita.

Ba a tsaya ga laƙabi ba. Littafin ya lissafa ƙabilu ashirin da huɗu da ya ce mallakar Askiya ne, masunta da maƙera da sauran masu sana'a, ya ce halifa mai zuwa shi zai gaje su. A nan ne mai karatu ya kamata ya dakata. Duk annabcin da ya zo da jerin mutanen da za su yi wa sarki bauta, akwai wanda ya zauna ya yi lissafin ribarsa.

Nuhu ya tsamo wannan bushara ya mayar da ita wasiƙa, aka aika ƙasashe ana neman mubaya'a, har ƙasar Hausa. Ɗan Tafa ya rubuta raddi. Bai ga kwafin asali na tarihin ba, bai kuma buƙaci ya gani ba. Da'awar ya auna da abin da ya sani: ko da an sallama cewa Ahmadu magajin Askiya ne, ai gado ba ya wuce abin da mamaci ya bari, ƙasar da Sakkwato ke mulki kuwa ba ta cikin abin da Askiya ya bari. Sakkwato ba ta yi mubaya'a ba. Lobbo ya rasu a 1845, Hamdallahi kuma ta faɗi a 1862 a hannun Alhaji Umaru Futi, wanda ya taɓa zama Sakkwato shekaru har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello. Ɗan Tafa ya rayu har bayan faɗuwarta, ya rasu a 1864.

Daula ta tafi, littafin ya tsaya. A 1913 Octave Houdas da Maurice Delafosse suka haɗa kwafe-kwafe uku da aka samo daga Tambutu da Kayes, suka buga shi a Faris da Larabci da fassarar Faransanci, da sunan Ka'ti. Kwafi ɗaya tak ke ɗauke da busharar, amma da yake shi ya fi cika, shi suka cike giɓin sauran da shi. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan dai sai da ya kai 1971 kafin a ga ƙarshensa, alhali alamar tana fili: marubucin da littafin ya nuna an haife shi a 1468 ya rasu a 1593, wato ya shekara 125, sannan tarihinsa ya ci gaba da ba da labari har bayan 1660. Wanda ya zauna ya warware ƙullin shi ne Nehemia Levtzion, Bayahude masanin tarihin Afirka ta Yamma a Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus. Ya nuna cewa gangar jikin littafin aikin Ibnul Mukhtar ne, jikan Ka'ti, busharar kuwa ƙarin ƙarni na 19 ce. Mauro Nobili ya zurfafa binciken a littafinsa na 2020, ya ɗora aikin kai tsaye a wuyan Nuhu ɗan Ɗahiru. 

Al'ummar da Levtzion ya fito daga cikinta ta ga irin wannan rikici a gidanta, kuma nata ya fi kama da abin da almajirin zaure zai gane, don a kan matani da sharhi aka yi shi.

Kashin da ya ɓata

Bayan Attaura, babu littafin da malaman Yahudawa ke kashe rayuwa a kansa kamar Talmud. Tushensa Mishna, tarin hukunce-hukuncen da aka tsara wajen shekara ta 200 miladiyya, kashi shida: noma, bukukuwa, aure, ma'amala da hukunci, yanka da hadaya, sai tsarki. A kan wannan matani malamai suka yi ta muhawara ƙarni bayan ƙarni, aka tattara muhawarar sau biyu, ɗaya a Babila, wato Iraƙi, ɗaya a Falasɗinu, wadda ake kira Talmud na Ƙudus ko da yake a Galili aka haɗa ta. Wanda ya taɓa buɗe Hashiyar Dasuƙi a kan sharhin Dardiri na Muhtasar ba zai yi baƙunta a shafin Talmud ba. Matani a tsakiya, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, a gefen ciki, ƙarin bayanin almajiransa da jikokinsa a gefen waje. Daniel Bomberg, Kirista mai maɗaba'a a birnin Benis na Italiya, shi ya buga cikakken Talmud na Babila a wannan tsari tsakanin 1520 da 1523, kuma lambobin shafinsa ake bi har yau.

Littattafan nan sun sha wuta. An ƙona Talmud amalanke-amalanke a Faris a 1242, an sake ƙonawa a Rum a 1553. Talmud na Ƙudus kuwa da kyar ya tsira: kwafin hannu ɗaya ne mai kusan cika ya rage, wanda aka rubuta a 1289, yana ajiye a Laidin ta ƙasar Holan. A cikinsa babu kashi na biyar, Kodashim, mai magana kan yanka da hadaya. Ga shi kuma Musa bin Maimun, babban malaminsu na Andalus da Misira, ya faɗi abin da ke nuna cewa Talmud na Ƙudus ya shafi kashi biyar. Saboda haka ɗaruruwan shekaru malamai suna zaune da tunanin cewa kashin nan yana wani wuri, cikin akwatin wani tsoho ko rumbun wata majami'a.

A 1907 wani mutum ya ce ya samo shi. Sunansa Shlomo Yehuda Friedlander, yana kuma kiran kansa Algazi, yana nuna shi Bayahuden gabas ne daga zuriyar waɗanda aka kora daga Andalus. Ya ce ɗan'uwansa ne ya samo kwafin a Turkiyya, an rubuta shi a Basalona a 1212. Ya buga juzu'i na farko a wani ƙaramin gari na ƙasar Hangari, Seini ta Romaniya a yau, na biyu ya biyo baya a 1909. Shafin ya fito tsaf kamar na gado, matani a tsakiya, nasa sharhin mai suna Heshek Shlomo kewaye da shi, takardun yabo na manyan malamai a gaba. Solomon Buber, gwanin tace tsofaffin littattafai, ya karɓa. Solomon Schechter, mutumin da ya kwaso dubban tsofaffin takardun majami'ar Alƙahira zuwa Kambirij, ya tallafa. Wannan na ƙarshen ya isa ya nuna yanayin lokacin: shekara goma kacal da suka wuce an ga littattafan da aka fid da rai da su sun fito daga ɗakin ajiya a Misira, don me wannan ba zai fito daga Turkiyya ba?

Murna ba ta daɗe ba. Rabbi Ritter na Rotadam yana cikin na farko da suka ɗaga murya. Masana irin su Wilhelm Bacher suka bi. A Folan, Rabbi Meir Dan Plotzki ya rubuta littafi sukutum a 1910 yana bin matanin gaɓa-gaɓa. Abin da suka gano shi ne, Friedlander bai ƙago zance daga iska ba. Ya tsinto jimloli daga sassan Talmud na Ƙudus da kowa ke da su, da wasu tsofaffin littattafai, ya sauya sunayen malamai, ya juya misalan su dace da babin yanka, ya ɗinke. Ana ba da labarin cewa Rabbi Yosef Rosen na Dvinsk, wanda ya haddace Talmud kamar Fatiha, ya kama shi ta wata hanya dabam: ya lura cewa kowane babi na gaskiya yana ɗauke da sunan wani malami da ba a ambata a wani wuri ba, wannan sabon kuwa duk sanannun sunaye ne. Mai jabu yana tsoron baƙon suna, don haka aikinsa ya fi na gaskiya tsabta.

Aka ce ya kawo kwafin a gani. Bai kawo ba. Sai ƙasidun kariya suka riƙa fitowa da sunayen almajiransa, cike da zagin masu suka, daga baya aka fahimci shi ke rubuta su. Aka bi asalinsa, aka tarar ba daga gabas ya fito ba, ɗan Beshenkovichi ne a ƙasar Belarus ta yau. Ya rasu a Biyenna a farkon shekarun 1920.

Ba shi ne farau ba. A 1793 Saul Berlin, ɗan babban malamin Yahudawan Berlin, ya buga fatawoyi 392 da sunan Besamim Rosh, ya jingina mafi yawansu ga Asher ben Yehiel wanda ya rasu a Andalus a 1327, ya kewaye su da nasa sharhin. Fatawoyin suna sassauta abubuwan da malaman zamanin suka tsananta, abin da masu neman sauyi ke son ji ke nan. Rabbi Mordechai Benet ya yi masa ca, Saul ya bar gari, ya rasu a Landan a 1794. Duk da haka an ci gaba da samun malaman da ke kafa hujja da littafin, suna cewa a duba magana a bar mai ita.

Yadda ake duba kundi

Jahili ba ya iya wannan aiki. Nuhu ɗan Ɗahiru malami ne na gaske, Friedlander ya san harshen Talmud na Ƙudus sanin da ya ruɗi waɗanda suka tsufa a kansa. Su biyun nan da Saul Berlin kuma ba wanda ya kawo abin da mutane ba sa jira. Masina na neman asali, malaman Yahudawa na neman kashin da ya ɓata, 'yan zamanin Berlin na neman tsohon malamin da zai halatta musu sabon ra'ayi. A ganina wannan ne ya sa Ɗan Tafa ya ga abin da Delafosse bai gani ba. Ba wai ya fi shi kayan aiki ba ne. Shi ba ya cikin masu ƙishirwar labarin, hasali ma an zo karɓe masa 'yanci ne da shi. Adalci kuma ya sa a faɗa: jikan Shehu ne yana kare gidan kakansa, da busharar ta ambaci Sakkwato ce ba Masina ba, Allah kaɗai ya san irin tsananin da zai yi.

A zaure, tambayar farko da ake yi wa littafi ba shekarunsa ba ne. Almajiri zai durƙusa ya miƙa kundi ya ce, "Allah gafarta Malam, a wajen wani baƙo na samu." Malam zai ce, "Wa ya karantar da shi? Wajen wa ya ji?" Littafin da ba wanda ya karanta a gaban wani, ba ijaza, ba malamin da ya taɓa ambatonsa cikin nasa rubutun, ya riga ya zo da rauni ko da takardarsa ta yi ja don tsufa. Bayan nan sai hannu da ido. Za a kwance igiyar tadarishi, a zaro warƙa ɗaya, don kundinmu ba a ɗinke yake ba. A ɗaga ta ga rana a nemi tambarin da ke cikin takardar: jinjirin wata uku a jere alama ce ta takardar Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus, takarda mai layi kuwa ta zamanin Turawa ce, komai abin da aka rubuta a kanta. A duba kalmar da ke ƙasan shafi ko ta yi daidai da farkon na gaba. A duba tawada, ta gida ce ko ta kanti. A juya ƙarshe a ga ko mai kwafi ya sa sunansa da na wanda ya rubuta wa. Sai dai duk wannan shekarun kwafi yake faɗa, ba na magana ba. Ana iya kwafe littafin Shehu na gaskiya jiya a takardar makaranta, ana kuma iya rubuta ƙarya a tsohuwar takarda. Hukunci na ƙarshe yana ga wanda ya san salon marubucin da tarihin zamaninsa.

Sakkwato ma ba ta tsira ba. A tsakiyar ƙarni na 20 wani littafi mai suna Kanzul Aulad ya ɓullo, an jingina shi ga wani mutumin zamanin jihadi, yana ba da labarai da nasabobin da ba a samu a rubutun Bello ko Abdullahi ko Gidado ɗan Laima ba. Murray Last, wanda ya yi bincikensa a ɗakin karatun Waziri Junaidu kafin ya fitar da littafinsa kan daular a 1967, yana cikin waɗanda suka ce ƙirƙira ce ta baya. Har yanzu akwai masu kafa hujja da shi, musamman inda ya ba wani gida asalin da yake so.

Mai son tantance abin da aka jingina wa Shehu ko Bello ko Nana Asma'u yana da inda zai dosa: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da kundin sunayen littattafai da John Hunwick ya fitar a 1995 kan marubutan wannan yanki. Amma mafi yawan abin da ke yawo yanzu ba ya biyowa ta nan. Hoton shafi ɗaya ne a WhatsApp, ba farko ba ƙarshe, ba takardar da za a ɗaga ga rana, an rubuta a ƙasa cewa Shehu ya faɗa tun shekara ɗari biyu.

Ban ga dalilin ƙona irin waɗannan littattafai ba. Fattash na Nuhu bai gaya mana gaskiya kan Askiya da Suyuɗi ba, amma babu inda za a ji abin da ke damun fadar Hamdallahi kamar cikinsa. Matsalar ita ce a bar shi da sunan da ba nasa ba. Yahudawa sun cire aikin Friedlander daga karatu, ba makarantar da ke koyar da shi a matsayin Talmud, juzu'ansa biyu sun koma kayan masu tara littattafan da ba a cika samu ba, ana gwanjonsu da sunan shahararren jabu. Fattash bai samu wannan rabuwa ba. Fassararsa ta Ingilishi da ta fito a 2011, shekara arba'in bayan binciken Levtzion, sunan Mahmudu Ka'ti ne a bangonta.